Allurar Mura Ga Mai Juna Biyu: Amsar Da Nake Bayarwa A Tagar Magani

Kwanakin baya wani magidanci ya tsaya a tagar ɗakin magani na asibitin da nake aiki, riƙe da katin awon matarsa da wata 'yar takarda da likitan mata ya rubuta. Matar na zaune a benci a bayansa, cikinta wata biyar, kuma tana da asma tun ƙuruciya. Ya miƙo takardar ya ce, "Likita, don Allah duba mini wannan. Wai allurar mura za a yi mata. Mura fa! Wa ya taɓa yin allura saboda mura, balle mace da ciki?" A wurin jama'a duk mai farar riga a asibiti likita ne, na kuwa daɗe da daina gyara wa mutane wannan. Aikina harhaɗa magunguna da adana su da bayanin yadda ake amfani da su, kuma ta wannan fuskar zan yi magana.

Tambayar mutumin nan tana da ma'ana, kuma na sha jin irinta: daga matan da za su tafi Umra, daga iyayen da 'yarsu ke aure a Ingila ko Amurka ta bugo waya tana cewa ungozoma ta ba ta ranar allura, daga masu zuwa awo a asibitoci masu zaman kansu. Amsata, 'yar'uwa mai juna biyu, ita ce: in allurar ta samu, ingantacciya, wadda aka adana yadda ya kamata, ki yi, ko cikin wata nawa ne. Amma amsar tana da sharuɗɗa, kuma ina ganin haƙƙinki ne ki ji dalili kafin ki miƙa hannu.

Rabin matsalar daga harshenmu take. Kalma ɗaya muke da ita, mura, muna kiran cututtuka biyu da ita. Akwai murar da kowa ya sani: atishawa, yoyon hanci, ɗan kaikayin maƙogwaro, kwana uku ko huɗu ta wuce, mutum na harkokinsa. Ƙwayoyin cuta iri-iri ne ke kawo ta, sun haura ɗari, kuma babu allurar da ke hana ta. Sannan akwai infuluwenza, wadda ƙwayar cutarta daban ce, halinta ma daban. Ita ba ta sallama. Mutum zai tashi lafiya da safe, kafin la'asar zazzaɓi mai zafi ya rufe shi, ga ciwon kai, ga ciwon gaɓoɓi kamar an yi masa duka, ga busasshen tari, ga kasalar da ko tashi zuwa banɗaki sai an kama shi. A ƙasarmu mai irin wannan alamun kai tsaye kemis ake kai shi a sayo maganin maleriya, in bai ji sauƙi ba a ce taifot ne. Shi ya sa da yawa cikinmu sun yi infuluwenza ba su san sunanta ba, har ake ɗauka cutar Turawa ce mai bin ƙanƙara. Tana nan tare da mu. Hukumar daƙile cututtuka masu yaɗuwa ta Nijeriya tana da cibiyoyin sa ido a kanta a wasu manyan asibitoci, ciki har da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, kuma ana samun ƙwayar a samfurin marasa lafiya. Bambancinmu da Turai shi ne can tana da lokacinta na sanyi, nan kuwa takan yi yawo kusan duk shekara, ta fi tashi a wasu watanni.

To me ya sa aka ware mai ciki? Dubi abin da ciki ke yi wa jikinki. Jinin da ke zagayawa yakan ƙaru da kusan rabin yadda yake a da, don haka zuciya na aiki fiye da ƙima ko kina kwance. Buƙatar iskar da jiki ke sha takan ƙaru da kusan kashi 20 cikin 100, alhali mahaifa na girma tana tura tantanin da ke ƙarƙashin huhu zuwa sama, wurin numfashi na raguwa. Garkuwar jiki ita ma takan sauya salo domin kada ta yaƙi ɗan da ke ciki. Kin san yadda kike haki in kin hau bene a wata na bakwai. Wannan haki shaida ne cewa ajiyar ƙarfin da huhunki ke da ita ta yi ƙasa. Cutar da za ta kwantar da mijinki kwana biyar ya miƙe, ke tana iya gangarawa huhu ta zama nimoniya, ta kai ga sai an sa miki iskar taimakon numfashi. Haɗarin ya fi yawa a watannin ƙarshe da makonni biyun farko na jego.

An ga wannan a fili a annobar 2009, wadda aka riƙa kira murar aladu. A Amurka masu juna biyu kusan kashi 1 ne cikin 100 na jama'a, amma a watannin farko na annobar su ne kusan kashi 5 cikin 100 na waɗanda suka mutu. Waɗannan mata ne a ƙasar da ke da gadajen kulawa ta musamman da injinan numfashi a kusa. Ki auna da garin da sai an yi tafiyar awa biyu kafin a sami asibitin da ke da tukunyar iska. A shekarar 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa masu juna biyu a sahun farko na waɗanda ya kamata a yi wa wannan allura.

Akwai kuma zazzaɓin kansa. Zafin jiki mai tsanani a makonnin farko na ciki, lokacin da ƙwaƙwalwa da lakar jariri ke haɗuwa, yana da alaƙa da wasu nakasu na haihuwa. A watannin ƙarshe kuma rashin lafiya mai tsanani na iya tayar da naƙuda kafin lokaci a haifi bakwaini.

Amma dalilin da ya fi ƙarfi a wurina shi ne jaririn bayan ya fito, kuma nan nake so maigida da uwar miji su saurara. Ba a yi wa jariri allurar infuluwenza sai ya cika wata shida. Watannin nan shida kuwa su ne lokacin da cutar ta fi yi masa illa, domin hanyoyin numfashinsa ƙanana ne, garkuwarsa ba ta ƙosa ba. Yanzu ki tuna yadda muke karɓar jariri. Tun ranar haihuwa 'yan barka ke shigowa. Ranar suna gida ya cika maƙil, ɗakin mai jego ba masaka tsinke, jariri na yawo daga hannun gwaggo zuwa na inna zuwa na maƙwabciya, wannan ta sumbace shi, waccan ta yi masa wasa fuska da fuska, wata kuma tari take tana rufe baki da gefen mayafi. Ba mai iya hana wannan, ni ma ba zan so a hana ba. Ɗaki a rufe, tagogi a toshe don kada sanyi ya kama mai jego, ga hayaƙin itacen ruwan wanka. In akwai mai ɗauke da ƙwayar cutar a cikin taron, ta sami wurin zama.

Idan aka yi wa uwa allura tana da ciki, jikinta yakan haɗa sinadaran kariya cikin kusan mako biyu, su kuma su ratsa mabiyiya su shiga jinin jariri, musamman a watanni ukun ƙarshe. Sai ya zo duniya da guzurin kariyar da ba shi da wata hanyar samu. Bayan haihuwa nono ma na ƙara masa wani abu. Allura ɗaya ce a dantsen uwa, mutum biyu ke cin moriyarta.

Wannan ba zato ba ne, an gwada, kuma abin da ya fi gamsar da ni shi ne an gwada a ƙasashe masu kama da namu. A Bangaladash an yi nazari a kan mata 340, aka wallafa a 2008: jariran matan da aka yi wa allurar sun sami raguwar kamuwa da infuluwenza da kashi 63 cikin 100 a watanni shidan farko. A Soweto ta Afirka ta Kudu, a binciken da aka wallafa a 2014, allurar ta rage kamuwa da kusan rabi, ga iyaye da jariransu. Mafi kusa da mu shi ne na Bamako a Mali, inda mata sama da 4,000 masu ciki a watannin ƙarshe suka shiga, aka yi wa rabinsu allurar infuluwenza, rabi kuma ta sanƙarau domin a kwatanta, aka wallafa sakamakon a 2016. A watanni huɗun farko kariyar jariran ta kai kusan kashi 68 cikin 100. Daga wata na biyar ta fara raguwa, har jimillar ta sauka zuwa kusan kashi 33. Mali ƙasar Sahel ce, da hunturunta da ƙurarta da maleriyarta, matan nan kuma irin rayuwarmu suke yi.

Na kawo adadin ƙarshen nan da gangan. Allurar infuluwenza ba ta cikin alluran da ke toshe ƙofa gaba ɗaya, kuma duk ma'aikacin lafiyar da ya ce miki in kin yi ba za ki ƙara mura ba, ya yi miki alkawarin da ba zai iya cikawa ba. Za ki iya yin murar yau da kullum, domin allurar ba ruwanta da ita. Za ki ma iya kamuwa da infuluwenzar kanta, sai dai galibi da sauƙi. Ƙwayar cutar na sauya kama kullum, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ke zama sau biyu a shekara, a Fabrairu domin ƙasashen arewacin duniya, a Satumba domin na kudanci, ta zaɓi nau'o'in da za a sa a allurar kakar da ke tafe. Wata shekarar zaɓin ya dace sosai, wata shekarar ya ɗan kauce. Saboda haka ne ake maimaita ta duk shekara, kuma wadda kika yi a cikin da ya gabata ba ta wadatar da wannan ba. Duk da haka, rage haɗari da rabi ga jaririn da ba shi da komai abu ne mai yawa. Gidan sauro ma ba ya hana kowane cizo, ba mu kuwa daina ɗaura shi ba.

Sai batun tsoro, wanda ba na raina shi. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Mutanen Kano ba su manta da gwajin maganin da aka yi wa yara lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, kuma da wannan tabon aka shiga rikicin rigakafin shan inna na 2003. Wanda ya ce a yi masa bayani kafin a soki matarsa da allura ya yi abin da ya dace. Ga bayanin.

Allurar da ake yi wa mai ciki ba ta ɗauke da rayayyar ƙwayar cuta. An kashe ƙwayar, ko kuma wani ɓangare ne kawai na jikinta aka ɗebo, don haka ba ta iya hayayyafa, ba ta iya sa miki cutar, ba ta iya kama ɗan cikin. Abin da akan ji shi ne tsamin dantse kwana ɗaya ko biyu, wani lokaci ɗan zazzaɓi da kasala, kuma farasitamol na maganinsu. Akwai wani nau'i da ake fesawa a hanci, wanda ƙwayarsa rayayya ce da aka raunana; yara aka fi yi wa a Turai da Amurka, kuma ba a ba mai ciki shi. In kina ƙasar waje aka miƙo na hanci, ki ce kina da juna biyu.

Maganar ɓari ita ce ta fi tayar da hankalin mata, kuma zan faɗi abin da ya faru yadda yake. A 2017 wani ƙaramin bincike a Amurka ya nuna kamar akwai alaƙa tsakanin allurar da ɓari ga wasu matan da suka yi ta shekara biyu a jere. Ba a ɓoye sakamakon ba. Masu binciken sun sake nazari da mata da yawa, a kan shekaru uku, suka wallafa a 2019, ba su sami wannan alaƙar ba. An shafe shekaru da dama ana yi wa miliyoyin masu ciki wannan allura, ana bibiyar abin da suka haifa, ba a ga ƙaruwar ɓari ko nakasa ko haihuwar bakwaini ba. Abin da ke rikita mutane shi ne ɓari abu ne mai yawan faruwa a watanni ukun farko, da allura ko babu. In mace ta yi allura ranar Litinin ta yi ɓari ranar Juma'a, ba wanda zai iya raba zuciyarta da zargin allurar, ko da cikin dama ba mai zama ba ne. Saboda wannan, macen da ta sha ɓari ta ce mini ita sai ta wuce wata uku za ta yi, ba na jayayya da ita, matuƙar ba lokacin da cutar ke yawo ba ne kuma ba tafiya za ta yi ba. Ilimi ya ce kowane wata lafiya lau ne. Kwanciyar hankalinta ma abin dubawa ne.

Wadda bai kamata ta yi ba ita ce wadda ta taɓa samun mummunan martani bayan allurar infuluwenza a baya, irin wanda fuska da maƙogwaro ke kumbura numfashi ya toshe. Wannan yakan faru ga kusan mutum ɗaya cikin miliyan, kuma dominsa ne ake cewa ki zauna minti 15 bayan allura kafin ki tafi. Wadda ta taɓa samun shanyewar jijiyoyi cikin makonni shida bayan wata allurar infuluwenza ta sanar da likita tukuna. Mai zazzaɓi a ranar ta bari sai ta warke. In ƙwai ba ya karɓar jikinki ki faɗa, domin yawancin alluran a cikin ƙwan kaza ake renon ƙwayarsu, amma a yau wannan bai cika hana yin ta ba.

Yanzu bari in sauko ƙasa. A Ingila kyauta ake yi wa mai ciki wannan allura, ungozoma ce ma ke tuna mata. A Nijeriya ba ta cikin jerin rigakafin da gwamnati ke bayarwa kyauta. Sai a wasu asibitoci masu zaman kansu da manyan kantunan magani na birane, da kuɗinki, kuma ba kullum ake samu ba. Don haka in kuɗin hannunku kaɗan ne, ga yadda zan jera muku. Zuwa awo a kan lokaci shi ne farko. Allurar tetanus da mashaƙo da ake yi a wurin awo ba ta da madadi. Maganin rigakafin maleriya da ake ba ki ki sha a gaban ma'aikaciya daga wata na huɗu, da gidan sauro, da ƙwayoyin ƙarin jini, da awon hawan jini, da tanadin kuɗin mota na ranar naƙuda, duk suna gaban allurar infuluwenza, domin zubar jini da jijjiga da maleriya su ne suka fi kashe matanmu. Zai ba ni haushi in ji an fasa hoton ciki ko gwajin jini don a sayi wannan allura. Kuma macen da ke ƙauye ba ta samu ba kada ta ɗauka ta yi wa ɗanta laifi.

Amma akwai waɗanda zan ce su ƙoƙarta su nemo ta ko da wahala: mai asma kamar matar mutumin nan, mai sikila, mai ciwon suga ko ciwon zuciya ko na ƙoda, mai ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki, ma'aikaciyar asibiti, malamar firamare da ke wuni cikin yara masu tari. Haka mai shirin Umra, domin cunkoson Harami na tara ƙwayoyin cuta daga kowace nahiya, kuma Ma'aikatar Lafiya ta Saudiyya da kanta tana ba masu ziyara shawarar yin allurar, musamman masu juna biyu. A yi ta aƙalla mako biyu kafin tashi.

Ga kuma abin da ya shafi sana'ata kai tsaye, wanda ya fi damuna fiye da duk jita-jitar da ake yaɗawa a WhatsApp. Allurar nan ba ta jure zafi, ba ta jure daskarewa. Dole ta zauna tsakanin digiri 2 zuwa 8 tun daga masana'anta har dantsenki. A garin da wuta ke ɗaukewa awa goma, firjin da ba shi da janareta ko sola akwati ne kawai. Na taɓa ganin wurin da ake ajiye alluran rigakafi a firji ɗaya da lemo da ruwan leda, ana buɗewa ana rufewa duk bayan minti biyar, wasu kwalaben kuma an manna su jikin ƙanƙara sun daskare. Allurar da ta lalace ba lallai ta cutar da ke ba, sai dai kin biya kuɗi kin tafi gida da zaton kariyar da babu ita. Saboda haka kada ki ji kunyar tambaya. A nuna miki kwalin. Ki duba ranar ƙarewar aiki, ki duba shekarar kakar da aka rubuta a jiki, domin ta bara ba ta yi wa bana aiki. Ki duba lambar rajistar NAFDAC. Ki ga an ciro ta daga firji a gabanki, kuma ki tambaya ko suna da ma'aunin sanyi a ciki. Wurin kirki ba zai ji haushin wannan tambaya ba. Kada ki sayo a kasuwa ki sa a jaka ki kai wa mai allura a unguwa. A rubuta miki sunan allurar da lambar rukuninta da kwanan wata a katin awo. Ana iya yin ta rana ɗaya da ta tetanus, kowacce a dantse daban.

In kuma cutar ta riga ta kama ki, da allura ko babu, kada ki zauna kina jiƙa citta da kanumfari kina jira. Mai ciki da zazzaɓi asibiti za ta, ranar. A fara gwada maleriya, domin alamunsu na kama da juna kuma ita ba ta jira. A sauke zafin jiki da farasitamol. Ki guji ibuprofen da diclofenac da asfirin da ake sayarwa barkatai a kemis, sai in likita ne ya rubuta, domin suna iya taɓa ƙodar jariri da jijiyoyin zuciyarsa a rabin ƙarshe na ciki. Magungunan mura na haɗe-haɗe ma da yawansu ba su dace da ke ba. Maganin kashe ƙwayoyin cuta irin amoxicillin ba ya taɓa infuluwenza, sai in nimoniya ta biyo baya. Akwai maganinta na musamman, oseltamivir, wanda aka fi sani da Tamiflu. Ana ba masu ciki, kuma ya fi aiki in an fara cikin awa 48 na farko, don haka ki tambayi likita ko ana samunsa. In numfashi ya yi wuya, ko ƙirji na ciwo, ko jiri da ruɗewa, ko amai ya hana ki riƙe ruwa, ko motsin ɗan ya ragu, ko zazzaɓi ya sauka ya dawo da tari mai tsanani, to ko tsakar dare ne a nemo mota.

Mutumin nan ya saurare ni har ƙarshe, layi na ta tsawo a bayansa. Ya juya ya tambayi matar, ta ce ita dama ta yarda tun a ɗakin likita, shi ne ya tsaya. Ba mu da allurar a asibitinmu, sai na kwatanta masa abin da zai duba a inda zai je. Kafin ya tafi na ce masa in da hali shi ma ya yi, da mahaifiyarsa da za ta zo zaman jego, tunda su ne za su fi kowa ɗaukar jaririn. Ya yi dariya ya ce Hajiya ba ta yarda da allura ba tun da yake da ita, amma zai gwada, zai ce mata don jikanta ne.